An Riga Ni Sayen Sunan Makarantarmu

Anti, don Allah ki taimaka mini.

Ni ce sakatariya a makarantar kawuna, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarama. Ya ce in samar mana adireshin intanet da sunan makarantar. Na shiga shafin wani kamfani mai rajistar irin waɗannan sunaye, na rubuta namu, aka nuna babu mai shi. Don murna na yi ta sake dubawa, na nuna wa hedimasta, na nuna wa direba, har mai gadi sai da ya leƙa. Amma ban saya ba, na ce sai Kawu ya dawo daga tafiya. Ga wautar da na tafka: na ba mai buga takardu adireshin, ya buga a fom ɗin makaranta guda dubu biyu.

Shekaranjiya na koma saya, aka ce an riga ni. Kuma kamfanin nan ne yake tallata mini shi, farashin ya ninka sau ɗari. Da na buɗe adireshin, tallan caca na gani da hotunan da bakina ba zai iya faɗa ba. Ranar Litinin za a raba wa iyaye fom. Kawu ya dawo jiya, yana ta yabona a gaban malamai, ga shi da hawan jini. Wallahi tsoro nake ji. Shin leƙen bincikena suka yi? In yi shiru in nemi kuɗin a ɓoye?

Mai Fargaba

'Yata, ki nutsu. Ana zargin wasu kamfanoni da kama sunan da suka ga ana yawan nema, don su sayar da tsada. Yana kuma yiwuwa wani ne ya riga ki. Ba ni da hujjar yanke hukunci. Naki laifin ɗaya ne, kin buga kafin ki mallaka.

Kada ki ƙara neman sunan a shafinsu, kada ki tura musu roƙo. In suka ga kin matsu, ƙari za su yi. Yau ɗin nan ki je wani kamfani daban, ki zaɓi suna mai kama da shi, ki biya nan take. Rajistar ta zama da sunan makaranta, ba naki ba. Sannan mai buga takardu ya yi ƙananan sitika masu sabon adireshin, a liƙe su a kan tsohon. Fom ɗin da ba a liƙe ba, kada ya fita ofis.

Ɓoyewa kuwa, ban yarda ba. Ki sami Kawu shi kaɗai bayan ya ci abinci ya huta, ki je da sabon adireshin a hannu, ki faɗa masa komai. Zai yi faɗa, ki daure. Gara ya ji daga bakinki yau da wani uba ya nuna masa a waya ranar Talata.

Allah Ya sanyaya zuciyarsa, Ya ba ki ƙarfin halin buɗe baki.