Katakon da Ya Kumbura a Gindin Randa

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Ina fata Anti Bilki da yara suna lafiya. Nan Bunkure ƙalau muke, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Maganar kicin ɗin Inna ce. Kafinta ya kawo samfurin katakon nan mai sheƙi da ka turo hotonsa. Kyau kam yana da shi. Amma ka manta gidanmu a bakin kanal yake, ko da rani daɓen nan ba ya rabuwa da danshi. Sai na karɓi guntu na ajiye a gindin randa. Kwana uku ya kumbura kamar burodi, ina sa farce ya marmashe. Ashe garin katako ne aka matse.

Don haka na tsayar da aikin ban jira izininka ba. Magini zai ɗaga gindin da bulo da siminti, ya shimfiɗa tayil, ƙofofin kuma na maɗaci za a yi. Kafinta ya ce, “Hajiya, wancan ake yayi.” Na ce masa Inna ba za ta sake kwashe tukwanenta a tsakar gida don yayi ba.

Na san ranka zai ɓaci. Guntun yana nan na adana maka, in ka zo Sallah ka matsa da hannunka, sannan ka yi mini faɗa.

Ka gaida Anti Bilki da yara. Ku taya mu addu'a, Allah ya sa Inna ta daɗe tana girki a cikinsa.

Ƙanwarka,
Hadiza