Tambayar Inna Hajo

Daren Laraba, Daura

Yau na je Sandamu na kai wa Inna Hajo kayan ɗanta Sale, hularsa ta aiki da takalmansa. Sati uku ke nan da ɓarayin namun daji suka harbe shi muna sintiri tare a gandun daji. Tun ranar ban koma bakin aiki ba.

Na zaci za ta tambaye ni yadda ya cika. Sai ta rungume hular ta ce, "Ɗan nan, barewar nan mai ciki da yake ba ni labarinta, ta haihu?"

Na ce, "Ban sani ba, Inna. Ban koma ba."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To, wa ke duba ta?"

Kunya ta kama ni. Da kunyar nan na hau babur har gida.

Na gaya wa matata Binta gobe zan koma daji. Ta yi kuka, ban hana ta ba, don ni ma tsoron bai sake ni ba. Amma in Allah ya yarda, ranar Juma'a zan kai wa Inna amsarta.