Waƙar da Kaka Ta Zaɓa

Rose Hall, Berbice

Zuwa ga Inna Eudora,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fatan kina lafiya, kuma sanyin Toronto bai tayar miki da ciwon gwiwar nan ba. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau. An fara ƙona gonakin rake kafin sara, Mama kullum cikin faɗa take da tokar da ke sauka a kan shanyarta.

Inna, kin san ni aka sa in karanta wa Kaka Ismay waƙa ranar bikin cikarta shekara tamanin, a gaban mutanen coci duka. Na rubuta da Turanci, na kira ta mala'ika, da furen safiya, da zumar zuciyata. Na kai wa malamarmu ta Turanci, Malama Persaud. Ta karanta, ta cire tabarau, ta ce “saccharine”. Ban san kalmar ba, kunya kuma ta hana ni tambaya, sai na yi godiya har da rusunawa.

Muna cin abinci na karanta musu waƙar, na ba da labari cewa Malama ta yaba, na faɗi kalmar. Kaka ta ce ai sunan ƙwayar da take jefawa a shayi ke nan tun da likita ya hana ta sukari, wai zaƙin ƙarya ne, bayansa kamar ka lashi ƙusa. Kawu Lennox ya yi dariya har gurasar roti ta shaƙe shi, yanzu Ƙwayar Shayi yake kirana. Na duba ƙamus, ashe daɗin baki ne da ya wuce kima har ya gunduri mutum. Sai da na yi kuka a bayan tankin ruwa.

Sai na rubuta wata, gaskiya zalla: munsharin Kaka, da zagin da take yi wa ’yan wasan kurket a rediyo, da alewar kwakwar da take ɓoyewa cikin hular coci. Da na karanta wa Kaka, ta ce wa ya aike ni? So nake Fasto ya san abin da ke cikin hularta? Ta ce, “Ke ’yar nan, mayar mini da mala'ikata! Ko kakanku bai taɓa kirana fure ba, kullum sai ‘Ismay, ina abinci?’” Ta ce ma zumar ta yi kaɗan, in ƙara.

Don haka ta farkon zan karanta. Roƙona ɗaya: idan kin zo bikin, ki zauna kusa da Kawu, da ya buɗe baki ki taka masa ƙafa.

Ki gaida Baba Cuthbert da Odessa da Marlon. Mama da Kaka suna gaishe ku.

’Yarki,
Shondell