Mangwarorin Gonar Yamma

Da sunan Allah. Ni Inuwa ɗan Gaji, mutumin Kademi, na rubuta wannan da cikakken hankalina. Ƙirjina ne ya gaza, ba kaina ba. Tukur da Barira, 'ya'yana, yanzu kun yi ƙanana. Ranar da kuka iya karatu, ku karanta da kanku.

Ran Laraba da safe ina jingine da katangar makarantar sakandare ina shan hantsi, sai na hangi Baffanku Bala yana zagaya mangwarorin ɗalibai, gatari a kafaɗa, yana auna kaurinsu da taƙi. Bai sara ba, don ya gan ni. Jira yake in kau.

Na farko. Gonar yamma da ke jikin makarantar ba ta cikin gadonku. Da fari aronta na ba makarantar, ɗalibai su koyi noma. Kowa ya san mai aron gona ba ya dasa itace, don dashe shi ke cewa ƙasa ta zama taka. Yaran ba su sani ba, suka dasa mangwaro. Baffa ya ce ƙwace ne. Ni kuwa na taka da ƙafata gaban Liman, lafiyata ƙalau, na ce na bayar kyauta. Zai ce dukiyar marayu yake karewa. Ku ce masa ubanku ya riga ya gama magana.

Na biyu, ku san dalili. Da kanmu muka ɗauki tubalin makarantar nan ranar gayya, ana mana dariya wai boko muke gina wa ɗaki. Shekarar fari da rijiyoyi suka ƙafe, rijiyarta ce ta shayar da mu, har masu dariyar. Malamin asibitin da ke min allura a Gaya, ɗan Bunu, a da can awaki yake kiwo. A makarantar nan ya yi karatu. Ni ajin yaƙi da jahilci kawai na zauna, amma ina da ido.

Na uku. Gida da gonar fadama naku ne da mahaifiyarku Hure, yadda shari'a ta raba. Garmata a bai wa Baffa. Ku gaishe shi kullum, in ɗalibai sun ba ku nunan fari ku fara kai masa. Kada a yanke zumunci, kada kuma a sare ko reshe.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya zaunar da ku a azuzuwan nan.

Ranar da na yi kyautar, Liman Umara ya ji, Ɗantani mai gadin makaranta ya ji, Hajja Sa'adatu ta ji. Baffanku Bala ma yana wurin, a kan tabarmar bakin ƙofa, kuma da aka shafa fatiha ya shafa.