Wayar da Baba Ya Yanke

Fairbanks, 2 ga Fabrairu

Baba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan jikin Mama da sauƙi. Na rubuto ne don na gaji da ihu a tarho kana ce mini "me?"

Jaririyata Opal ƙarama tana nan a kwalbar bakwaini a asibiti, likita ya ce ba mu ba jirgi sai bayan wata biyu. Na san abin da nas ta faɗa a kan Mama, ka daina ɓoye mini. So nake ta ga takwararta tana motsi, ta yi mata magana da bakinta.

Intanet ɗinku ba ya ratsa bango ya kai bene inda Mama take kwance. Ga adafta biyu, 'yan na'urorin haɗa waya, a kwalin nan. Ta cikin tsohuwar wayar talabijin da ke bango intanet zai bi, wannan mai kan ƙarfe da ake murɗawa. Ɗaura ɗaya a kicin jikin akwatin intanet, ɗaya a ɗakin Mama tare da ƙaramin akwati mai eriya. Fitila uku su yi kore, shi ke nan.

'Yarka, Charlene

Pineville, 9 ga Fabrairu

'Yata,

Bayan gaisuwa, saƙo ya iso. Shekara talatin ina gyaran wuta a ramin kwal, ba sai kin zana mini kibiyoyi ba. Na ɗaura. Biyu sun yi kore, ta tsakiya ko ƙyaftawa.

Ran Lahadi da kika kira, na ɗauki kwamfutar nan mai kamar faranti da kike fitowa a ciki na hau matakala. A ta bakwai fuskarki ta daskare. Nan na tsaya na ƙure murya, uwarki ta jiyo kukan yarinyar daga gado. Ta ce, "Delbert, wai kai ne injiniya? Fitila ɗaya ta gagare ka. Sauko da ni mana, nauyina nawa ne?" Nas ta hana a motsa ta, ni kuma ko kwandon wanki da kyar nake saukowa da shi.

Hoton yarinyar da kika saka a kwalin yana ƙarƙashin matashinta. Ta ce hoto ba ya jin magana.

Ubanki, Delbert

Fairbanks, 16 ga Fabrairu

Baba,

Ina gaisuwa. Fitilar tsakiya tana nufin adaftocin ba sa jin juna. Don Allah ka sauka ɗakin ƙasa, ka duba inda wayoyin gidan suka haɗu, bayan tukunyar ɗumama ɗaki. Wataƙila ɗaya ce ta kwance. Ka riƙe ƙarfen matakala, kada in ji wani labari.

Charlene

Pineville, 23 ga Fabrairu

'Yata,

Muna gaishe ki. Ba sai na sauka ba, na san abin da ke wurin, kunya ce ta hana ni faɗa.

Kin tuna bikin Godiya shekara huɗu da suka wuce, muna cin talo-talo kika ce, "Baba, kowa ya yanke waya sai kai"? To, washegari na ɗauki filaya na yanke. Duk guda biyar, daidai jikin katako, don ni ba na aiki rabi da rabi. Kawunan sun shige bango. Sai da mijinki ya yi dariya daga baya na gane nufinki in kira kamfanin talabijin in ce mun daina kallo. Ban da shi, ban gaya wa kowa ba.

Jiya dai na sauka da ƙugiyar rataye riga ina lalube. Awa biyu ban taɓa komai ba sai ƙura.

Na gaya wa uwarki. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce, "Shekara hamsin ba ka jin maganata, ranar da ka ji ta 'yarka ga abin da ka yi."

Delbert

Fairbanks, 2 ga Maris

Babana,

Gaisuwa. Laifina ne, ni na yi maganar. Na kira masu gyara shida. Ƙanƙara ta karya wayoyin yankinku, kowa yana kan layi. Ɗaya ya ce sha huɗu ga wata. Na roƙe shi har na yi kuka, ya ce, "Malama, ki yi haƙuri, ni kaɗai ne a kwarin nan."

Ina zaune gefen kwalba, ba abin da zan iya yi wa uwata, ba abin da zan iya yi wa 'yata. Zan riƙa kira kullum ƙarfe goma na safe. Ka tsaya a matakala ta bakwai.

Taka, Charlene

Pineville, 14 ga Maris

'Yata,

Fasto ya riga ya gaya miki rasuwar uwarki ran Talata. Kafin nan ta ce in faɗa miki kukan yarinyar irin naki ne, da masifa.

Mai gyara ya zo yau. Minti ashirin ya yi. Duk ukun sun yi kore.

Ki kira ƙarfe goma. Ina ɗakinta.

Ubanki