Notuna Takwas a Gwangwanin Madara

Utaiƙa, Riyad
Asabar, 11 ga Janairu

Maman Hajar,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Hajar da Inna. Yaya ƙafar Inna da sanyin bana? Mu nan lafiya lau. Ƙanenki Sha'aban ya fara ƙiba, shinkafar Larabawa ta karɓe shi. Ki gaya wa matarsa Muhibba ta sa a faɗaɗa masa riguna.

Kin ce ba na ba ki labarin aiki. To ga shi. An kawo mana wata tsohuwar a-kori-kura ƙirar Amurka, koriya, wadda ta girme ni da shekara goma. Ta wani dattijo ce, Abu Nayif. Ya ce da ita mahaifinsa ya riƙa kai dabino kasuwa, kuma yana so ya sake tuƙa ta kafin idonsa ya gaza. A ƙarƙashinta akwai wani ƙarfe da ya gitta daga gefe zuwa gefe, wanda inji da ƙafafun gaba suke zaune a kansa. A nan jisir suke ce masa, wato gada. Nata ya tsage, sai dattijon ya sa aka kawo sabo daga waje, na zamani, mai ɗaukar birki mai ƙarfi. Ya zo a akwatin katako da takardar bayani da jakar notuna takwas masu ƙyalli.

Kwana huɗu muka yi a ƙarƙashinta. Ni nake aunawa, Sha'aban yana hudawa. Abu Nayif yakan zo da shayinsa ya zauna a kan tsohuwar taya yana kallo. Ya riƙe sunan Sha'aban, ya ce shi ma a watan aka haife shi. Ni har yau Najeri yake ce mini, bayan shekara tara a warshar nan, wato garejinmu.

Ina tuna Malam Uba na Ƙofar Ruwa da ya koya mana aikin, wanda ba ya yarda a jefar da noti muddin zarensa na kamawa. Da zai ga abin da ake zubarwa a nan, da hawan jini ya kama shi.

Ran Talata za a gwada ta. Ki shafa mini kan Hajar.

Mijinki,
Lado

*

Alhamis, 16 ga Janairu

Maman Hajar,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ki zauna kafin ki karanta, kuma kada ki karanta a gaban Inna. Na rubuta a takarda zan turo miki hotonta, don ba zan iya faɗa da baki ba.

Sha'aban yana asibiti. Yana da rai, likita ya ce zai tashi.

Ran Talata bayan la'asar Abu Nayif ya shiga motar shi kaɗai. Ya hau doguwar hanyar da ke bayan warsha, muna tsaye muna kallo. Da ya taka birki a kwana sai muka ji ƙara kamar ta bindiga, sau biyu, sannan gaban motar ya durƙusa. Ƙafar dama ta lanƙwashe ta shige ciki, ƙarfe yana tartsatsi a kan kwalta, motar ta daki shingen siminti. Mun ciro shi da ƙyar. Cinyarsa ta karye, ƙashin ya huda farar rigarsa, sitiyari ya fasa masa goshi.

Ɗansa Nayif ya iso bayan motar asibiti ta tafi. Ya leƙa ƙarƙashin motar, ya tsinci kan noti guda a ƙasa, mai tsatsa, ya tsinke biyu. Ya tambaya wane ne Sha'aban, domin sunan da mahaifinsa ke ambata a gida ke nan. Sha'aban ya matso yana goge hannu. Nayif ya ɗauki sifanar taya ya sauke masa a muƙamuƙi. Na ji karyewar daga inda nake. Ya faɗi a bakin ramin gyara, Nayif ya bi shi da dukan haƙarƙari, da ƙafa, da ƙarfen, har sai da mutum uku suka danne shi. Haƙora biyu muka tsinta a cikin baƙin mai. Jinin ya bi magudanar ruwa har ƙofa.

An ɗaure masa muƙamuƙi da waya, ba ya iya magana, ta bututu yake shan kunu. Haƙarƙari uku sun karye.

Akwai abin da ya fi wannan. Nayif ya kai ƙara wurin shurɗa, wato 'yan sandan nan, cewa Sha'aban ya sace sababbin notunan ya sayar, ya mayar da tsofaffi. An ajiye ɗan sanda a ƙofar ɗakinsa. Kafilinmu, ubangidan da muke aiki a ƙarƙashinsa, ya ce idan ta tabbata sata ce, kurkuku ne, sannan a kore shi daga ƙasar.

Ki nemi hanyar da za ki gaya wa Muhibba. Ku yi masa addu'a.

Lado

*

Juma'a, 24 ga Janairu

Turai,

Assalamu alaikum. Yau da sunanki na kira ki, Maman Hajar. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da Hajar. Ki yi haƙuri da rubutun, da hannun hagu nake yi.

Kin tambaye ni abu biyu: ina nake tsaye lokacin da ake dukansa, kuma ina notunan suke. Ina tsaye taku biyar daga gare shi, ban motsa ba. Notunan kuwa suna ƙarƙashin gadona, a cikin gwangwanin madara, tun ranar da muka buɗe akwatin.

Ni na yi. Da muka kwance tsohon jisir na wanke notunansa da fetur, na ga zarensu lafiya, sai hannuna ya yi abin da ya saba tun Ƙofar Ruwa. Na ajiye sababbin don wani aikin da ya fi, na mayar da tsofaffin. Ban yi niyyar sayarwa ba. Gwangwanin cike yake da irinsu, shekara tara ina tarawa, ban taɓa amfani da ko ɗaya ba. Takardar bayanin ta ce da manyan baƙaƙe a yi amfani da notunan da suka zo da sabon jisir kawai, domin sabon birkin yana jan ƙarfen da ƙarfin da tsofaffin ba za su ɗauka ba. Sha'aban ya nuna mini wurin da yatsa. Na ce masa ni na riga shi riƙe sifana, sai ya miƙo mini tsofaffin.

Ya sani ke nan tun kafin a ɗaga masa ƙarfe. Shurɗa sun ba shi takarda da biro sau biyu ya rubuta wanda ya ɗaura notunan, ya mayar musu da ita fara. Kullum ina zuwa in zauna kusa da shi, yana kallon silin, ni ina kallon ƙasa.

Jiya da safe na ɗauki gwangwanin na tafi ɗakin Abu Nayif a asibiti. Ƙafarsa na rataye, Nayif na zaune a gefe. Na zube notuna takwas a kan zanen gadon, na faɗi komai da ɗan Larabcina. Ban gama ba Nayif ya shaƙe ni ya haɗa ni da bango, ya ja ni zuwa ƙofa. Na riƙe bakin ƙofar da hannun dama, ya maka ta a kai. Yatsu uku. Da ma'aikatan asibiti ba su shigo ba da ya ƙarasa sauran.

Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki noti guda yana juya shi, ya tambaye ni me ya sa na ajiye. Na ba shi labarin Malam Uba. Sai ya ce mahaifinsa ma yakan miƙe tsohuwar ƙusa da guduma. Ya umarci ɗansa ya je ya janye ƙarar a ranar, ya wuce ɗakin Sha'aban ya nemi gafararsa a gaban ɗan sandan. Ni kuma ya ce ba zai kai ni ƙara ba, amma ba zan sake taɓa motar kowa a garin nan ba sai tasa, sau ɗaya.

An ɗauke ɗan sandan daga ƙofar. Ban nemi ki ce komai ba.

Lado

*

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Turai,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Hajar da Inna, ina kuma yi muku barka da shirin azumi. Wata guda ke nan ban ji daga gare ki ba, ban kuma ga laifinki ba.

Mun gama motar. Sharaɗin Abu Nayif shi ne in sake ɗora jisir ɗin da notunansa, sannan ni zan fara tuƙa ta, a hanyar nan, in taka birki a kwanar nan, da gudun da ya yi. Yatsuna ba sa riƙe sifana, don haka Sha'aban ne ya ɗaure, ni ina riƙe masa fitila. Har yanzu wayar na bakinsa. Kowane noti ya ɗaure sai ya ja hannuna na hagu ya ɗora a kai, har takwas.

Jiya aka kawo dattijon a keken guragu, Nayif na tura shi. Na shiga na tayar. Ina shirin saka giya sai ƙofar gefe ta buɗe, Sha'aban ya shigo ya zauna ya rufe. Na ce masa ya sauka, ba a sa shi cikin sharaɗin ba. Ya ɗaura bel, ya nuna mini hanya da haɓa.

Na hau hanyar, na taka birki a kwanar. Motar ta tsaya cak, taku goma kafin shingen. Tabon koren fentin yana nan a jikin simintin.

Kafili ya buga mini huruj, takardar barin ƙasar, ba dawowa. Sha'aban zai ci gaba da aiki a gurbina. Na bar masa sifanonina, gwangwanin kuma ya juye shi a cikin durowar warsha inda kowa zai ɗiba. Jirgina zai sauka Kano ran Litinin da azahar. Jaka ɗaya ce da ni. Idan ban gan ki a filin jirgi ba zan wuce gidan yayana Abdussalam, in jira har ranar da za ki aiko.

Ki gaida Muhibba, idan za ta karɓa.

Mijinki,
Lado