Ƙwaya Biyu Cikin Ledar Ayaba

Laraba, 9 ga Mayu, 2018, Anka

Yanzu na dawo daga asibiti, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Yau kwanan Yaya Sanusi huɗu a can. Likita na ba shi magani yana ragewa kaɗan-kaɗan, don kada barin ƙwayar tiramol farat ɗaya ya kayar da shi. Duk da haka yana shan wuya: zufa, amai, ga makyarkyata ana wannan zafi. Mutumin da ke wuni cikin ramin zinari a Abare, yau Inna ke riƙe masa kofin ruwa.

Da la'asar wani abokin haƙarsa ya zo dubiya da ledar ayaba. Bayan tafiyarsa Yaya ya sa hannu ciki, sai ya tsaya cak. Ƙwaya biyu ce naɗe a takarda. Na gani, shi ma ya san na gani. Allah ya yafe mani, tausayi ya sa har na so ya haɗiye ya huta.

Ya daɗe yana kallonsu. Can ya ce, "Hadiza, kiro man nas. Yi maza, tun zuciyata ba ta juya ba."

Da ta zo ya miƙa mata ƙwayoyin da kansa. Ta gaya masa wannan wanke ƙwayar daga jiki ne kawai, babban aikin sai bayan sallama. Ya ce ya sani.

Ni da Inna muka fito ƙofar asibitin. Ta goge ido da gefen mayafi ta ce, "Shekara ukku ina biɗar ɗana. Yau na gan shi."